Amsoshin Tambayoyinku: Gwanayen da Magoya Bayan Richmond Suka Fi So

Tambayoyin da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya, wasan da ba a cika saninsa a ƙasashenmu ba, amma yake cika filaye a can daga watan Maris zuwa Satumba. Za mu tsaya a kan ƙungiya ɗaya, wato Richmond ta birnin Melbourne, domin ita ce masu tambaya suka fi ambata.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Melbourne, kuma ya ce mini duk inda ya shiga sai an tambaye shi ƙungiyar da yake goyon baya, har ya zaɓi Richmond saboda a unguwar yake zaune. Shin wannan wasa shi ne ƙwallon zari-ruga? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ba shi ba ne, ko da yake ƙwallon da ake bugawa tana da tsawo irin ta zari-ruga. A Melbourne aka haifi wasan, kuma a 1859 aka rubuta dokokinsa na farko. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a cikin fili, filin kuwa mai faɗi ne irin wanda ake wasan kurket a cikinsa. A kowane ƙarshe akwai sanduna huɗu a tsaye. Idan ɗan wasa ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya ba tare da kowa ya taɓa ta ba, an ci ƙwallo ke nan, kuma maki 6 ne. Idan ta bi ta gefe, tsakanin doguwar sanda da gajera, maki 1 kawai ake samu. Ba a jifa da ƙwallo, sai dai a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan, kuma mai gudu da ita dole ne ya buga ta a ƙasa duk bayan mita 15. Abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kallo shi ne cafke ƙwallo a sama, inda ɗan wasa yakan taka bayan wani ya yi tsalle ya kama ta, kuma doka ta yarda da hakan.

Richmond tsohuwar ƙungiya ce, an kafa ta a 1885, ta shiga babbar gasa a 1908. Rigarta baƙa ce mai ratsin rawaya daga kafaɗa zuwa ƙugu, alamarta damisa, kuma ta ɗauki kofin gasar sau 13. Ɗanki ya zaɓi ƙungiya mai ɗimbin jama'a, domin a 2018 ita ce ta fara samun mambobi masu rajista 100,000 a tarihin gasar.

TAMBAYA: Malam, ni da abokina muna bin wannan gasa ta intanet, kuma gardama ta hana mu sakat. Shi ya ce Kevin Bartlett ne gwanin gwanayen Richmond, ni kuwa na ce Dustin Martin ne. Ka raba mu. Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan gardama ta girme ku, kuma kafin a kai ga mutanen da kuka ambata akwai wanda dole a fara gaishe shi, wato Jack Dyer. Ya buga wa ƙungiyar wasa fiye da 300 tsakanin 1931 da 1949, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 1934, sannan a 1943 ya sake ɗauka yana kyaftin kuma yana koci a lokaci guda. An san shi da ƙarfi da rashin tsoron karo, kuma bayan ya daina wasa ya shafe shekaru masu yawa yana sharhi a rediyo da talabijin, ta yadda waɗanda ba su taɓa ganin wasansa ba suka san muryarsa. Lambar yabon da ƙungiyar take ba gwarzonta na kowace shekara sunansa take ɗauke da shi, mutum-mutuminsa kuma yana tsaye a filin atisayensu na Punt Road. Ya rasu a 2003.

Hujjar abokinka mai ƙarfi ce. Bartlett ya buga wasa 403 daga 1965 zuwa 1983, kuma shi ne mutum na farko da ya kai wasa 400 a gasar. Ya ci ƙwallo 778, ya ɗauki kofi sau 5, a 1967 da 1969 da 1973 da 1974 da 1980, kuma sau 5 ana zaɓarsa gwarzon ƙungiya. Siriri ne, ba shi da girman jiki, amma yana da sauri da sanin inda ƙwallo za ta faɗi, kuma ya yi suna wajen ƙin miƙa ta ga kowa idan ya hango sanduna, abin da magoya baya suka mayar abin tsokana da ƙauna. A wasan ƙarshe na 1980, lokacin da ya riga ya haura shekara 30, ya ci ƙwallo 7 shi kaɗai, Richmond ta lallasa Collingwood da ratar maki 81, aka ba shi lambar Norm Smith, wadda ake ba wanda ya fi kowa taka rawa a wasan ƙarshe.

Sai dai ka sanar da abokinka cewa ko a cikin dattawan da suka ga wancan zamani ba kowa ne yake sa Bartlett a gaba ba. Da yawa Royce Hart suke ambata, ɗan gaba daga tsibirin Tasmania wanda ya ɗauki kofi 4 a ƙarƙashin koci Tom Hafey, ya kuma riƙe kyaftin a nasarorin 1973 da 1974, kafin ciwon gwiwa ya katse masa wasa a 1977. Wasu kuma Francis Bourke ne nasu, wanda ya buga wasa 300, shi ma da kofi 5. Da hukumar gasar ta fitar da jerin gwanayen ƙarni a 1996, Hart da Bourke da Dyer duk sun shiga, Bartlett bai shiga ba, kuma har yau akwai masu ganin an zalunce shi.

Naka gwanin kuwa, Martin, ya fara wasa a 2010 ya ajiye a 2024 bayan wasa 302. Shekarar 2017 ita ce tasa: ya ci lambar Brownlow ta gwarzon gasar na shekara, wadda alƙalan wasa suke zaɓar mai ita ta hanyar ba da ƙuri'a 3 da 2 da 1 bayan kowane wasa, ya samu ƙuri'a 36, sannan ya ɗauki kofi, ya haɗa da lambar Norm Smith. Kafin shi babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan ukun a kaka ɗaya. Ya sake cin Norm Smith a 2019 da 2020, kuma shi kaɗai ne yake da ita sau 3. Wasan ƙarshe na 2020 shi ne wanda nake so ku sake kallo tare. Annobar korona ta sa an kai shi Brisbane, aka buga da dare, Geelong ta yi gaba da ratar maki 22 kafin hutun rabin lokaci, kuma alamu sun nuna Richmond ta fara karaya. Martin ne ya ci ƙwallo gab da hutu, wadda ta rage ratar ta dawo wa abokansa da ƙwarin gwiwa, ya gama wasan da ƙwallo 4, Richmond ta yi nasara da ratar maki 31.

Tun da ka nemi hukunci, ni ina bayanka. Bartlett ya yi wasa a gasar ƙungiyoyi 12, kusan dukansu a jihar Victoria, a lokacin da ƙungiya mai kuɗi take iya tara gwanaye yadda ta ga dama. Martin ya yi mafi yawan nasa a gasar ƙungiyoyi 18 da suka bazu a faɗin ƙasar, ga dokar da ta iyakance albashi, ga tsarin da yake ba ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe damar fara zaɓar sabbin matasa, duk domin kada wata ƙungiya ta daɗe a sama. Mutumin da ya fi kowa a fili a ranar da ta fi kowace rana nauyi, har sau uku cikin shekara huɗu, a irin wannan gasa, ni a wurina shi ne gaba. Amma abokinka ba ya cikin ɓata, domin kaka 19 da kofi 5 ba abin da za a share da hannu ɗaya ba ne.

TAMBAYA: Na lura cewa idan aka tambayi magoya bayan Richmond wanda suka fi so, ba wanda ya fi iyawa ba, da yawa Matthew Richardson suke cewa, alhali bai taɓa ɗaukar kofi ba. Mene ne dalili? Daga wata malamar makaranta a Jos.

AMSA: Malama, kin taɓo tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin ba a gane magoya bayan wannan ƙungiya sai an san abin da suka sha tsakanin 1980 da 2017. Shekara 37 suka yi babu kofi. Bayan sun sha kashi a hannun Carlton a wasan ƙarshe na 1982, sau biyu kawai suka kai zagayen neman kofi cikin shekara 30 da suka biyo baya, wato a 1995 da 2001. A ƙarshen kakar 1990 bashi ya kusa rufe ƙungiyar, sai da magoya baya suka fita titi da gwangwanaye suna tara kuɗi kafin ta tsira. A wancan lokaci, tun daga 1994, ƙungiyoyi takwas na sama ne suke wucewa zuwa zagayen neman kofi, Richmond kuwa ta ƙare a matsayi na tara har sau 6 tsakanin 1994 da 2008, abin da ya zama abin yi musu dariya a duk faɗin ƙasar.

A cikin wannan fari Richardson ya yi dukan rayuwarsa ta wasa, daga 1993 zuwa 2009. Shi ma ɗan Tasmania ne, kuma mahaifinsa, Alan Richardson, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 1967, saboda haka tun yana yaro jinin ƙungiyar ne. Dogo ne, yana da gudun da ba a saba gani ga mai tsawonsa ba, yana cafke ƙwallo a tsakiyar mutum biyu ko uku. Ya buga wasa 282, ya ci ƙwallo 800 cif, kuma a kaka 13 shi ne wanda ya fi ci wa ƙungiyar. A 1995, shekarar da suka samu ƙarfi a karon farko, ya ji mummunan rauni a gwiwa a wani wasa a Sydney, ya kalli wasannin neman kofi daga waje. Da ya warke, a 1996 ya ci ƙwallo 91.

Waɗannan alƙaluma kaɗai ba su ne suka sa ake sonsa ba. Richardson mutum ne da ba ya iya ɓoye abin da yake ransa. Yakan yi abin da babu wanda zai iya, sannan ya tsaya kusa da sanduna ya ɓarar da ƙwallon da yaro zai ci, ya kama kai, ya yi faɗa da kansa, wani lokaci har da abokan wasansa, a gaban dubban mutane. An soke shi a kan haka, an taɓa ajiye shi saboda haka, kuma suka ce mai tushe. Amma mutumin da yake zaune a cikin 'yan kallo, wanda ya biya kuɗinsa ya zo cikin sanyin watan Yuli yana sane da cewa mai yiwuwa a sake cinye su, yana ganin baƙin cikinsa a fuskar wannan ɗan wasa. Ya kuma san cewa ɗan wasa mai irin wannan baiwa da ya so da ya koma inda ake ɗaukar kofi, amma bai tafi ba. Ga yaran da suka taso a shekarun 1990 da 2000, shi kaɗai ne dalilin zuwa fili a makonni da yawa, shi ya sa lambarsa, wato 12, ta cika bayan rigunansu.

A 2008, yana da shekara 33, koci Terry Wallace ya ɗauke shi daga gaba ya mayar da shi gefen tsakiya, inda yake da sararin gudu. Ya yi kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa, ya zo na uku a zaɓen Brownlow da ƙuri'a 22, biyu kacal a bayan Adam Cooney da ya ci. A daren ƙidayar, 'yan wasan wasu ƙungiyoyi ma suna ta murna duk lokacin da aka kira sunansa.

Da ranar ta zo a 2017, Richmond ta doke Adelaide a wasan ƙarshe da maki 108 da 60 a gaban mutum fiye da 100,000 a babban filin MCG na Melbourne. Richardson yana bakin fili yana aikin sharhi wa talabijin, kyamara ta nuna shi yana hawaye, kuma shi ne wanda ƙungiyar ta zaɓa ya miƙa kofin ga kyaftin Trent Cotchin da koci Damien Hardwick. A ganina babu zaɓin da ya fi wannan dacewa. Ki kwatanta da Bartlett, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1988 zuwa 1991, aka sallame shi, ya yi fushi ya ƙaurace mata shekaru masu yawa kafin a sasanta. Ana girmama Bartlett ƙwarai, amma irin son da ake yi wa Richardson daban ne, domin tare da shi aka sha wahalar.

TAMBAYA: Akwai Musulmi a cikin fitattun 'yan wasan wannan ƙungiya? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma yana cikin waɗanda magoya baya suka fi ƙauna. Bachar Houli haifaffen Melbourne ne, iyayensa 'yan asalin Labanan. Ya fara da Essendon a 2007, bai samu gurbi sosai ba, ya koma Richmond a 2011, ya zauna har ya yi ritaya a 2021 da wasa 232 a jimlace. Mai tsaron baya ne da yake ɗauko ƙwallo ya ruga da ita gaba, yana bugu da ƙafar hagu. Yana cikin kofuna ukun da ƙungiyar ta ɗauka a 2017 da 2019 da 2020 duka, kuma a wasannin ƙarshe na 2017 da 2019 shi ne ya zo na biyu a bayan Martin a zaɓen Norm Smith. Akwai masu ra'ayin cewa a 2017 shi ya fi cancanta. A 2019 an sa shi cikin jerin gwanayen ƙasa na shekara.

Bai taɓa ɓoye addininsa ba. Yana salla a kan lokaci, yana azumin Ramadan ko da ya faɗo a tsakiyar kakar wasa, kuma kiran da ya yi yana cikin abin da ya sa hukumar gasar ta nemi a tanadi ɗakunan ibada a filayen wasa. Ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa domin horar da matasan Musulmi, maza da mata. Gaskiya ta sa a faɗi cewa a 2017 an dakatar da shi wasa 4 saboda ya bugi wani ɗan wasan Carlton har ya suma, ya kuma nemi gafara. Bayan shi, Adam Saad na Carlton ne Musulmin da ya fi fice a gasar.

TAMBAYA: Na ji an ce akwai 'yan Sudan a wannan gasa. Gaskiya ne, kuma akwai wanda ya buga wa Richmond? Daga wani mai karatu a Mai Wurno, Sudan.

AMSA: Gaskiya ne, kuma yawancinsu 'ya'yan iyalan kudancin ƙasar ne da yaƙi ya kora. Majak Daw, wanda aka haifa a Khartoum, shi ne ɗan Sudan na farko da ya buga a gasar, ya fara da North Melbourne a 2013. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ya buga wa Sydney sannan Port Adelaide, ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 2021. A Richmond akwai Mabior Chol, wanda ya yi shekaru a ƙungiyar a daidai lokacin da take kan ganiyarta, saboda haka gurbi ya yi masa wuya, bai buga wasan ƙarshe ko ɗaya ba. Ya tafi Gold Coast a ƙarshen 2021, daga baya ya koma Hawthorn, kuma a can ne tauraronsa ya fi haskawa.

Ya kamata a ambaci 'yan asalin ƙasar ta Ostireliya a nan, domin suna da babban matsayi a zukatan magoya bayan Richmond. Maurice Rioli, daga tsibiran Tiwi, ya ci lambar Norm Smith a 1982 duk da cewa an cinye ƙungiyarsa a ranar. Jikan ɗan'uwansa, Daniel Rioli, ya ɗauki kofi 3, ɗansa Maurice ƙarami kuma ya sa rigar ƙungiyar. Shane Edwards ya buga wasa fiye da 300. Sai Marlion Pickett, wanda wasansa na farko a gasar shi ne wasan ƙarshe na 2019, yana da shekara 27, abin da ba a taɓa gani ba tun 1952, ya ci ƙwallo, ya koma gida da lambar kofi.

TAMBAYA: To yanzu da manyan suka tafi, wa ake so? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Tafiyar ta zo a jere. Hardwick ya ajiye aiki a tsakiyar 2023. A ƙarshen kakar Cotchin ya yi ritaya, haka ma Jack Riewoldt, wanda ya buga wasa 347, ya ci ƙwallo 787, ya kuma zama wanda ya fi kowa ci a gasar sau 3. A 2024, shekarar farko ta koci Adem Yze, ƙungiyar ta ci wasa 2 kawai ta zo ta ƙarshe, Martin ya ajiye, sannan Daniel Rioli ya koma Gold Coast, Shai Bolton ya koma Fremantle, Liam Baker ya koma West Coast. Tafiyar Baker ta yi wa mutane ciwo, domin ƙaramin mutum ne da yake jefa kansa cikin karon da manya suke gudu.

A cikin waɗanda suka saura daga zamanin kofuna, dattawan 'yan kallo suna riƙe da Toby Nankervis, wanda ya karɓi kyaftin, da Nick Vlastuin mai tsaron baya, da Tom Lynch a gaba. Yara kuwa hankalinsu yana kan Sam Lalor, wanda ƙungiyar ta ɗauka a matsayin zaɓi na farko a ƙasar baki ɗaya a ƙarshen 2024. Tun kafin ya buga wasa ɗaya aka fara kwatanta shi da Martin saboda ƙarfin jikinsa da yadda yake wasa a tsakiya da gaba. Ban ji daɗin wannan kwatance ba, domin kaya ne da suka fi ƙarfin matashin da bai kai shekara 20 ba lokacin da aka ɗora masa, kuma Martin kansa sai a kakarsa ta takwas ya kai inda ya kai. Idan kana neman wanda za ka bi daga yanzu, ka bi Lalor da sauran matasan da aka ɗauka tare da shi a 2024, ka ba su kaka huɗu ko biyar kafin ka yanke musu hukunci.